Mota Mai Rufin Tamfol: Yadda Uwargida Za Ta Ajiye Ta Hankali Kwance

A wannan mako za mu ɗan fita daga ɗakin girki mu leƙa inda ake ajiye motoci. Zancenmu kuwa a kan motar nan ne mai buɗaɗɗen sama, wadda akan naɗe rufinta a mai da shi baya idan ana son shan iska, a kuma jawo shi a rufe idan rana ta take ko hadari ya haɗo. Abin da muke son mu sani shi ne, idan uwargida ta tuƙa irin wannan mota ta isa inda za ta, yaya za ta bar ta, kuma yaya za ta saita ƙararrawar da aka sa mata don tsaro.

Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu, tun da yake irin motar ba ta da yawa a titunanmu? Gaskiya ne ba ta da yawa. Amma fa duk cikin motoci babu mai wuyar tsarewa kamarta, domin abin da ya raba kayan cikinta da hannun ɓarawo ƙyalle ne kawai. Saboda haka wadda ta gane yadda ake tsare wannan, ta gane yadda ake tsare kowace mota, tata ce ko ta maigida. Sa'an nan kuma kayan da akan fasa mota dominsu sau da yawa namu ne: jakar hannu, da waya, da sarƙa, da sayayyar kasuwa.

Wace irin mota ce?

Asalin gidan wannan mota shi ne Turai da Amurka, inda mutane kan yi watanni cikin sanyi suna marmarin rana. Rufinta iri biyu ne. Akwai na tamfol, watau yadi mai kauri da aka ɗaura bisa sandunan ƙarfe masu lanƙwasuwa. Akwai kuma na ƙarfe, wanda yakan naɗe kansa ya shige cikin but. Na ƙarfen nan ya daɗe, domin tun a tsakiyar shekarun 1930 kamfanin Peugeot na Faransa ya sayar da irinsa, bisa dabarar wani likitan haƙori mai suna Georges Paulin. Daga baya ya sake tashe sa'ad da Mercedes ta fito da SLK a 1996, Peugeot kuma ta fito da 206 CC a 2000. A cikin masu rufin tamfol kuwa, wadda ta fi suna ita ce Mazda MX-5 ta Japan, wadda aka fara sayarwa a 1989, kafin ƙarshen 2016 kuma an ƙera fiye da miliyan 1. Har Fijo 504 ɗin nan da iyayenmu suka sani, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, tana da 'yar'uwa mai buɗaɗɗen sama da aka fito da ita a Turai a 1969.

'Yan kaɗan da ke iso mana sukan zo ne cikin motocin da aka yi amfani da su a waje, ta tashar Legas ko ta Kwatano. Sukan zo da saitin ƙasar da suka baro, sau da yawa kuma ba tare da littafin bayaninsu ba. Shi ya sa mai motar kan wayi gari ƙararrawa na ta ihu ba ta san dalili ba, ko kuwa tana zaton motar na cikin tsaro alhali ƙararrawar barci take yi.

Masu gadi huɗu

Uwargida ki ɗauka cewa ƙararrawar mota kamar gida ce mai masu gadi huɗu, kowanne da ƙofar da yake tsaro.

Na farko shi ne mai lura da ƙofofi. Wasu 'yan maɓallai ne a jikin kowace ƙofa, da bonet, da but. Da an buɗe ɗaya daga ciki ba da makulli ba, sai jiniya ta ɗauka.

Na biyu shi ne mai lura da motsi a cikin motar. Aikinsa shi ne ya kama wanda ya fasa gilashi ko ya yanka rufi ya zura hannu ba tare da ya taɓa ƙofa ba.

Na uku shi ne mai lura da karkata. Idan aka sa jek aka ɗaga motar don a kwance taya, ko aka ɗaga gabanta don a ja ta, shi ne zai ji.

Na huɗu shi ne mai jin bugu ko girgiza. An fi samunsa a ƙararrawar da aka sayo a kasuwa aka ɗaura daga baya.

Ba kowace mota ke da duka huɗun ba. Wasu kuma jiniyarsu tana da ɗan batirinta na kanta, yadda ko ɓarawo ya cire kan batirin mota ba za ta yi shiru ba. Daga cikin huɗun nan, na biyu shi ne mai rigima a mota mai buɗaɗɗen sama, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Me ya sa take ihu ba dalili?

A yawancin motoci masu rufin ƙarfe, mai lura da motsin nan da sauti yake aiki, irin yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Yakan fitar da wani siririn sauti mai kaɗawa kimanin sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya, kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin abin da ya wuce kimanin 20,000. Sautin sai ya bugi kujeru da gilasai ya komo, na'urar tana saurare. Muddin motar na rufe, iskar ciki a kwance take, amon da ke komowa ba ya sakewa. Da wani abu ya motsa, sai amon ya sake, jiniya ta ɗauka.

To, ki duba abin da zai faru idan babu rufi. Iska ta kaɗa, amo ya sake. Ganye ya faɗo, ko leda ta taso, ko tsuntsu ya sauka bisa kujera, duk ɓarayi ne a wurin na'urar. Ko rufin na rufe ma, iska mai ƙarfi takan sa tamfol ya riƙa kaɗawa, kuma gilashin da aka bari a ɗan buɗe ya isa ya ta da ita.

Masu ƙera motoci sun bi hanyoyi dabam-dabam don maganin wannan. Wasu sun bar sauti sun koma ga igiyar rediyo, watau ƙaramar rada. Ita rada ba ruwanta da iska, sai dai jiki mai motsi, saboda haka tana iya gadi ko rufi na buɗe. Aibinta shi ne tana ratsa yadi da gilashi, idan kuma aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima, sai ta riƙa kama masu wucewa ta gefen mota. Tarkacen ƙarfe da aka zube kusa da ita, kamar makullai, su ma sukan rikita ta. Wasu motocin kuwa da kansu suke kashe mai lura da motsin da zarar an naɗe rufi. Wasu kuma sun bar wa mai mota ta kashe da hannunta.

Lalle ne uwargida ta san wacce ce tata a cikin ukun nan, kuma gane haka ba wuya. Ki zaɓi lokacin rana, a cikin gida, ki gaya wa maƙwabta kada su firgita. Ki naɗe rufin, ki fita, ki kulle da rimot, ki jira kamar minti ɗaya, domin na'urar ba ta fara gadi nan take. Sa'an nan ki zura hannu ta sama ki kaɗa shi a tsakanin kujeru. In jiniya ta ɗauka, sai ki danna buɗewa ta yi shiru, kin san ke nan motarki na gadin cikinta ko rufi na buɗe. In ba ta ɗauka ba, ki rufe rufin, ki bar gilashi ɗaya a sauke, ki sake gwadawa. In nan ma shiru, to ko dai motar ba ta da wannan mai gadi, ko kuwa ya lalace, sai a kai wa mai gyaran wutar mota ya duba.

Yadda ake kashe shi, da lokacin da ya dace

Kowane kamfani da tasa hanya. A yawancin motocin BMW, idan kin danna maɓallin kullewa, sai ki sake danna shi kafin daƙiƙa 10 su wuce. Za ki ga 'yar fitilar da ke ƙarƙashin madubin ciki ta kama na kimanin daƙiƙa 2, alamar an kashe mai lura da motsi tare da mai lura da karkata. A wasu motocin akwai maɓalli na musamman kusa da ƙofar direba ko a gaban mota, a sababbi kuwa cikin allon da ke gaban direba ake shiga a zaɓa. Idan babu littafin bayani, ana samun na yawancin motoci a intanet, sai a nema da sunan motar da shekarar da aka ƙera ta.

Ki riƙe abubuwa uku game da wannan kashewa. Na ɗaya, masu lura da ƙofofi da bonet da but suna nan suna aiki, ba duka ƙararrawar kika kashe ba. Na biyu, a yawancin motoci kashewar ta sau ɗaya ce, idan kin buɗe kin sake kullewa komai ya koma yadda yake. Na uku, sau da yawa mai lura da karkata yakan tafi tare da shi, saboda haka kada a bar mota ta kwana a waje da wannan saiti.

Lokacin da ya dace a kashe shi kaɗan ne: idan za a ɗan tsaya da rufi a buɗe ana iska, ko idan an ɗora motar bisa babbar motar dakon motoci, ko a cikin jirgin ruwa. A jiragen fiton da ke tsallake teku tsakanin Ingila da Faransa akan roƙi masu motoci su yi haka, domin da jirgi ya fara tangaɗi sai motoci su ɗauki ihu gaba ɗaya.

Amma akwai lokacin da bai dace ba ko kaɗan, shi ne a kashe shi don a bar yaro a ciki a shiga kanti. Motocin Turai da yawa suna da kulle mai ninki biyu, wanda idan ya kama, ko na ciki ba zai iya buɗe ƙofa ba. Ga kuma zafi. Wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka buga a 2005, ya nuna cewa motar da aka rufe a rana zafin cikinta yakan ƙaru da kimanin digiri 22 na ma'aunin Selshiyas cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuwa a rabin awar farko yake zuwa, kuma ɗan sauke gilashi bai hana ba. Ki ɗora wannan a kan zafin bazara irin namu, wanda kan haura digiri 40. Rufin tamfol ba ya ceton yaro daga wannan. Duk gaggawar da kike yi, ki fita da ɗanki.

Ƙararrawa mai yawan kuka

Wata za ta ce, gara ta yi ta ihun, ai ɓarawo zai ji tsoro. Ba haka abin yake ba. A birnin New York na Amurka, wata ƙungiya mai kula da lafiyar tituna ta fitar da rahoto a 2003 tana neman a hana ƙararrawar mota a birnin, inda ta ce kashi 95 zuwa 99 cikin 100 na ihun da motoci ke yi na banza ne. A Turai kuwa ƙa'ida ta taƙaita ihun jiniya, kada ya wuce daƙiƙa 30 a tashi ɗaya. Dalilin a fili yake. Yau mota ta tashe unguwa, an fito ba a ga kowa ba. Gobe haka, jibi haka. Ran da ɓarawon gaske ya zo, kowa sai ya ja bargo ya ce, motar su wance ce, haka take. Ita kanta mai motar takan kai ga miƙa hannu ta taga ta danna rimot ba tare da ta leƙa ba.

Saboda haka amfanin ƙararrawa yana ga ƙarancin kukanta. Idan taki ta cika ihu, kada a yanke mata waya a huta, a nemi dalili. Sau da yawa batirin mota ne ya yi sanyi, ko maɓallin bonet ya ci ƙura ya daina zama daidai, ko wani ƙwaro ne ya maƙale a ciki yana yawo, ko kuwa an ƙara wa mai jin bugu ƙarfi har tsawa ko wucewar tirela na ta da shi. Duk waɗannan gyaransu ba shi da tsada.

In kuwa sabuwa za a ɗaura, a gaya wa mai ɗaurawa ƙarara cewa mai rada ake so, ba mai aiki da sauti ba, kuma jiniya mai batirinta. A saita ƙarfin radar a gabanki, ki zagaya motar ki tabbata wucewa ta gefe ba ta ta da ita, zura hannu kuwa yana tayarwa. A kai wa wanda aka sani aka kuma amince da shi, domin wanda ya ɗaura ƙararrawa ya san inda ake kwance ta, kuma haɗin waya na ganganci yakan shanye batir.

A buɗe ko a rufe?

Masu irin wannan mota a Ingila da Amurka sun daɗe suna gardama a kan wata magana. Wasunsu sun ce gara a bar ƙofa ba kulle, domin ɓarawon da ya tarar da ƙofa a kulle wuƙa zai sa ya farke rufin, kuɗin sabon rufi kuwa yakan ninka kuɗin abin da ya ɗauka sau da yawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba shawarar bi ba ce, saboda dalilai biyu.

Na farko, a motocin da suka zo da ƙararrawa daga kamfani, kullewar ce ke ta da masu gadin. Motar da ba a kulle ba, ba ta da ƙararrawa ke nan. Na biyu, inshora. A Ingila kamfanonin inshora da yawa sukan rubuta cikin sharuɗɗansu cewa ba za su biya ba idan an yi sata alhali an bar mota ba kulle ko rufinta a buɗe. A nan Nijeriya ma ya kamata uwargida ta sani, inshorar nan mai araha da doka ta wajabta wa kowace mota, ɓarnar da kika yi wa wani kaɗai take biya, ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, ita ma sai an karanta sharuɗɗanta.

To mene ne mafita? A rufe rufin, a ɗaga gilasai, a kulle, sa'an nan a bar cikin motar fayau yadda mai leƙe zai gani da idonsa cewa ba abin da zai yanka rufi dominsa. Wasu har sukan bar ɗan akwatin nan na gaban kujerar fasinja a buɗe, ba komai a ciki, don mai leƙe ya wuce abinsa. Idan tsayawar ta 'yan mintoci ce kuma idonki na kan motar, ana iya barin rufin a naɗe, amma duk da haka a kulle. Kullewar tana ta da ƙararrawa, a motoci da yawa kuma tana kulle but da murfin tankin mai. Mai rufin ƙarfe kuwa ba ta da wani uzuri, domin 'yan daƙiƙoƙi kawai rufewar ke ci, da ta rufe kuma motarta ta zama kamar kowace mota.

Idan ɓera da sata

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jiniya sai ɓarna ta auku take kuka. Kafin ki fito daga cikin kanti, mai wuƙa ya yanka, ya ɗauka, ya sha kwana. Abin da ke hana shi farawa tun asali shi ne ya leƙa bai ga komai ba.

Kada ki bar jaka bisa kujera ko da babu komai a cikinta, domin shi bai san babu ba. Haka nan wayar caji da ke reto, da tabarau, da jakar makarantar yara, da mayafin da aka rufa a kan wani abu. Rufa mayafi ma kamar kira ne, domin ba a rufe abin banza.

Abin da ya zama tilas a bari, a sa shi cikin but, amma tun kafin a iso wurin. Matar da ta tsaya a bakin kasuwa, ta fito ta buɗe but ta sa jakarta a gaban jama'a, ta nuna wa mai kallo inda zai nufa. Idan kina sayayya daga wannan kanti zuwa wancan, kamar lokacin haɗa lefe, ki sa abu mai tsada ya zama na ƙarshe, daga nan sai gida. Gwal da kuɗi kuwa ba a barinsu a mota ko ta wace iri ce.

Sa'an nan ki gwada but ɗin kansa. Motoci da yawa suna da maɓalli ko ɗan hannu kusa da kujerar direba mai buɗe but. Ki kulle motar da rufi a buɗe, ki miƙa hannu ki taɓa shi. In but ya buɗe, to duk wanda ya yanka rufi ya sami but. Wasu motocin suna da wurin da ake sa makulli a kashe wannan maɓalli, sai a nemo shi a yi amfani da shi. Makulli na biyu kuwa da takardun mallakar mota na asali, gida ne wurinsu.

Makulli da injin

Duk abin da muka faɗa a baya na tsare kayan ciki ne. Abin da ke tsare motar kanta daga tafiya wata na'ura ce dabam, mai hana injin tashi sai ta gane ɗan ƙwayar lantarkin da ke cikin kan makulli. Jamus ta wajabta ta ga sababbin motoci daga farkon 1998, Ingila daga Oktoba na wannan shekara, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007. Wasu malaman tattalin arziki biyu na ƙasar Holan, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun buga bincike a 2016 da ya nuna ta rage satar motoci da kimanin kashi 40 cikin 100. Wannan na'ura ba ta ihu, amma ta fi jiniya aiki.

Amurka ba ta wajabta ta ba. Shi ya sa daga 2021 aka yi ta satar wasu motocin Kia da Hyundai a biranen can, waɗanda aka sayar ba tare da ita ba. Tun da yake motoci da yawa daga Amurka suke zo mana, ya kyautu a tambaya a tabbata. In motar ba ta da ita, ana ɗaurawa. Sandar ƙarfen nan ta kulle sitiyari ita ma tana da amfani ƙwarai a mota mai buɗaɗɗen sama, domin daga nesa ake hango ta.

Sababbin motocin da ke buɗewa da kansu idan makulli na cikin jaka su ma da tasu matsala. Ɓarayi biyu sukan zo da na'ura, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida ya janyo siginar makullin, ɗaya ya tsaya jikin mota, sai motar ta zaci mai ita ce ta zo, ta buɗe, ƙararrawa kuma ba za ta ce uffan ba. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tun daga 2016 ta gwada ɗaruruwan irin waɗannan motoci, ta tarar mafi yawansu suna buɗuwa ta wannan hanya. Maganinsa shi ne kada a rataye makulli kusa da ƙofa ko taga, a sa shi cikin 'yar jakar da aka yi don tare sigina, ko cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ki gwada ta hanyar zuwa jikin motar da gwangwanin a rufe, in ba ta buɗe ba, ya yi.

Akwai kuma masu na'urar toshe rimot, ki danna ki wuce kina zaton kin kulle alhali saƙon bai isa ba. Don haka kada ki juya baya sai kin ga fitilu sun ƙifta kin kuma ji ƙarar kullewa. A motar da ba ta buɗewa da kanta, ki ja ƙofar da hannu ki tabbata.

Wurin ajiyewa

Ki zaɓi wuri mai haske, mai jama'a, inda akwai mai gadi in da hali, ko da za ki ɗan ƙara tafiya a ƙasa. Ƙararrawar da ke ihu a lungun da ba kowa aikin banza take yi. Ki guji ƙarƙashin bene, domin guntun taba mai wuta ɗaya ya isa ya huda tamfol. Inuwar itace tana da daɗi, amma kashin tsuntsaye da ƙaron itace suna ɓata yadin, ganye kuma yakan ta da ƙararrawa in rufi na buɗe. A gida, gareji ko rumfa ya fi, domin rana tana cin tamfol, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Da damina kada ki yarda da sararin sama, hadari ba ya sallama.

In kuwa kin fito kin tarar da wani a jikin motarki, kada ki tunkare shi. Ki koma cikin jama'a ki nemi taimako, ki kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112. Ki ajiye lambar motar da lambar jikinta a rubuce a gida saboda irin wannan rana. Ana sayen wata motar, rai kuwa ba a kasuwa yake ba.

Gare ku 'yan makaranta

Ku ma kuna da aiki a nan. Idan an fita da ku, wadda ta sauka a ƙarshe ta waiga ta duba kujerar baya, ta ɗauke jakarta, ta tuna wa Mama ko Baba gilashin da bai rufe ba. Kada ku jingina da motar mutane ko ku taɓa rufinta don sha'awa, kuma kada ku yarda a bar ƙaninku a ciki ko na minti biyar ne. Sa'an nan ku lura cewa zancen jemage da amo da igiyar rediyo da muka yi, shi ne dai darasin kimiyyar da kuke yi a aji. Masu ƙera waɗannan na'urori daga irin wannan aji suka fara, kuma ba abin da zai hana ɗayarku ta zama cikinsu.

A taƙaice, uwargida, kafin ki bar motarki ki kwashe kayanki, ki rufe rufi, ki ɗaga gilasai, ki kulle, ki tsaya ki ga ta kullu. Ki san masu gadin da motarki ke da su, ki saita su yadda ba za su yi kuka ba sai da dalili, ki kuma karanta wa maigida wannan shafi in ya dawo, domin rigakafi ya fi magani.